Kwafin shafin da aka ƙirƙira ba a shiga akawun ba: yadda ake gyara shi a Wikipedia ta Hausa

Abin ya fi faruwa inda ake karɓa-karɓar kwamfuta, kamar wajen horar da sababbin editoci a Bauchi ko Gombe, laftof ɗaya mutum huɗu. Wani ya fita daga akawun ɗinsa, na bayansa ya zauna ya hau rubutu bai duba saman shafi ya ga ko sunansa na nan ba. Goge tarihin burauza haɗe da kukis (cookies, wato bayanan shiga da take ajiyewa) ma yana fitar da mutum.

Ga inda kwafin yake samo asali. Tun 2015, shafin edita da ka rubuta a Meta, wato wikin da ke haɗa dukkan ayyukan Wikimedia, yana bayyana da kansa a duk wikin da ba ka da shafi. Abin da kake gani a Wikipedia ta Hausa hasko shi kawai ake yi daga can. Da zarar an adana ko da harafi ɗaya a gurbin, an haifi sabon shafi na gida, shi kuma zai tare na Meta. Kusan haka bayanin hotunan Commons, ma'ajiyar hotuna ta Wikimedia, yake: wanda ya rubuta bayani a shafin hoton daga nan, bai taɓa na Commons ba.

Kada ka share rubutun ka adana shafin fayau. Nan mutane suka fi yin kuskure. Shafin da babu komai a cikinsa har yanzu shafi ne, zai ci gaba da tare na asali. Gogewa ɗungurum ake buƙata, kuma admin, wato edita mai kula da wikin, ne kaɗai ke da wannan dama. Saboda haka fara kwashe abin da ka rubuta ka ajiye a wayarka, ka shiga akawun ɗinka, ka kai gyaran Meta ko Commons inda ya dace. Sannan ka nemi admin ya goge na gidan, ka ba shi cikakken sunan shafin da dalili a layi ɗaya. Ana gogewa na asalin zai dawo. In ya yi jinkiri, sabunta shafin.

Sai maganar sirri, wadda ta fi kwafin nauyi. A da, gyaran wanda bai shiga ba yana fita da lambar IP ɗinsa, wato adireshin intanet ɗin da ya yi amfani da shi, a tarihin shafi. Yanzu ana ba shi akawun na wucin gadi, mai suna da ke farawa da alamar ~ da shekarar da aka buɗe shi, kamar ~2025, amma wasu masu izini suna iya ganin lambar har kwana 90, tsofaffin gyare-gyare kuma suna nan da lambobinsu. Don haka kada ka rubuta "ni ne na yi" a shafin tattaunawa, ka haɗa sunanka da lambar da hannunka. Tura wa admin imel a ɓoye ka nemi ya ɓoye ta.

Gyaran kansa ba a mayar da shi ƙarƙashin sunanka, ko admin ba zai iya ba, kuma ba zai shiga lissafin gyare-gyarenka ba.