Yadda Za Ka Shirya Mota Mai Fetur da Lantarki Kafin Gwajin Lafiyarta

Ƙananan motoci masu fetur da lantarki irin su Toyota C-HR da Kia Niro ba kasafai injinsu ke kayar da su a gwaji ba. Birki ne ke yi musu tsiya. Da yake injin lantarki ne ke rage gudu yawancin lokaci, faifan birki ba ya samun aiki, sai tsatsa ta kama shi, musamman na baya. Kwana biyu kafin gwaji, hau hanyar da babu cunkoso, ka taka birki da ƙarfi sau biyar ko shida daga gudun kilomita 60. Idan ka leƙa ta cikin rim ka ga faifan ya yi rami-rami, to canji kawai.

Auna zanen taya. A Birtaniya da Tarayyar Turai kada ya gaza milimita 1.6. Shafa gefen ciki da hannu, nan ne ke cinyewa ba a sani ba.

Ƙaramin batirin nan mai ƙarfin wuta volt 12 ma a auna shi. In ya yi sanyi, fitilun gargaɗi kan kunna barkatai. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa, kada ka kuskura ka taɓa su, wutarsu tana kisa.

Sai fitilu, waifa da ruwan wanke gilashi.