Babi na Bakwai: Sanin Ko Lamba Za Ta Rabu Kafin a Raba Ta

A ce ana suna a gidanku a Tudun Wada, an sayo goro 360 a kasuwar Sabon Gari, za a kai wa dangi da maƙwabta. Tun kafin ku zube shi a tabarma ku fara kasawa, lambar da kanta za ta gaya muku kashi nawa zai tashi ba saura.

Ku fara duba lambar ƙarshe. In 0, 2, 4, 6 ko 8 ce, za ta rabu biyu. In 0 ce ko 5, za ta rabu biyar. In 0 ce, har goma ma za ta rabu. Wannan duk mai ƙirga kuɗi ya riga ya san shi.

Dokar rabawa uku ce nake so ku natsu a kanta. Ku haɗa lambobin: 3 da 6 da 0 sun ba da 9. Tunda 9 tana rabuwa uku, 360 ma za ta rabu uku. Ba siddabaru ba ne. Ku ɗauki ƙwarya ɗaya ta goro, wato 100, ku kasa uku: kowane kashi 33, saura ɗaya. Goro 10 ma haka, uku-uku, saura ɗaya. To, a 360 akwai ɗari uku, saura 3 ke nan, da goma shida, saura 6. Ragowar nan kuka haɗa ɗazu. Haka dokar take ga 9, domin 99 da 9 duk suna rabuwa tara.

Akwai kuma lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, da sauransu. Mu kira su lambobin tushe. Ba a sa 1 a cikinsu. Kowace lamba da ta wuce 1, in ba tushe ba ce, daga ninka waɗannan ta samu.

Bari mu farfasa 360. Raba biyu, 180. A sake, 90. A sake, 45. Biyu ta ƙare, sai uku: 15, sannan 5. A nan aka tsaya.

360 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5

Yanzu ku duba amfaninsa. Gida 8 za a kai wa? Zai yi, ga 2 × 2 × 2, kowane gida goro 45. Gida 12? Ga 2 × 2 × 3, kowa 30. Gida 7 fa? Babu 7 a jerin, don haka kowa zai sami 51, goro 3 su rage a hannu.

Aikin gida: ku farfasa 252 da 91 a littafinku. Ku yi hattara da 91, da yawa kan ɗauke ta tushe. Ku gwada ta da 7.