Yadda ake gano abin da ke jawo ɗigo da zane a hoton kyamara

Kafin ka kai kyamara wurin mai gyara, ka jera hotuna biyar ka duba: tabon yana wuri ɗaya a cikinsu duka, ko yawo yake?

In wuri ɗaya yake, ƙura ce abin zargi na farko, musamman ga mai sauya gilashin kyamara (lens) a fili cikin iskar Makka ko Riyad. Sa kyamara a f/16 ko f/22, wato ka tsuke ƙofar shigar haske, ISO (ƙarfin karɓar haske) 100, ka kawar da fokas, ka ɗauki farin bango ko sararin sama. Sauya gilashi ka sake ɗauka. In ɗigon bai gusa ba, a kan sensa yake, wato ɗan faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara. Hoto a kife yake sauka a sensa, don haka ɗigon da ka gani a saman hoto, a ƙasa za ka neme shi. Kifa bakin kyamarar, ka hura da robar hura iska. Kada ka hura da baki, yawu ya fi ƙura wuyar fita.

Ɗigo ja, kore ko shuɗi mai ƙyalli kuwa ba datti ba ne, ƙwayar sensa ce, wato fiksel, ta yi zafi. Rufe gilashin da murfinsa, ka ɗauki hoton daƙiƙa 30 a ISO 1600, za su fito fili. Zafin bazara yana ƙara su. Bar kyamarar ta huce a inuwa, sannan ka nemi umarnin gyaran fiksel a menu.

Wanda ya fi ruɗa masu ɗaukar biki shi ne layuka masu duhu a kwance. Yawanci kyamarar lafiyarta ƙalau, fitilun LED na zauren ne ke ƙiftawa. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, wato sau 60 take juyawa a daƙiƙa, ta Najeriya da Sudan 50 Hz, shi ya sa saitin da aka saba da shi a Kano kan ba da kunya a Saudiyya. Kashe shata (abin da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗaukar hoto) marar ƙara, ka koma mai ƙara, ka sa gudun a 1/60 ko 1/125 na daƙiƙa.

Hoto ya yi hazo a Jidda? Raɓa ce, daga fitowa daga esi zuwa danshin teku. Bar kyamarar cikin jaka a rufe kamar minti 20.

In rabin hoto ya zama toka ko launi ya goce, katin memori ne. Kwashe hotunan, gwada wani katin, kuma a cikin kyamara ake fomat, ba a kwamfuta ba.