Babi na Huɗu: Karanta Kwalbar Magani Kafin a Ba Dabba

Darasi na 1: Ranar lalacewar magani

Iyayena da 'yan'uwana, kowa ya ɗauko kwalbar maganin tsutsar da na ce a zo da ita. Wanda ya manta ya matsa kusa da maƙwabcinsa, ba abin kunya ba ne.

Juya kwalbar, duba gindinta ko gefen takardar. Za ka ga layi biyu. Ɗaya ya fara da MFG, wato ranar da aka yi maganin. Ɗayan ya fara da EXP, wato ranar da zai lalace. Namu shi ne EXP. Haruffa uku ne, na tsakiya kamar sanda biyu da aka gicciye. Ɗora yatsa a kansa. Bayansa lambobi ne, misali 08/2026. Na farko wata, na biyu shekara, wato Agusta 2026. Idan watan ya wuce, maganin ya mutu, ko da kwalbar cike take.

Mu sake. Ina sandunan da aka gicciye? Yatsa a kai. Wata tukuna, sannan shekara. Madalla, Hajiya, haka ne.

Mu ƙara sakewa, don a nan ake faɗuwa. Wani dattijo ɗan ajinmu na unguwar Aboabo a Kumasi ya karanta layin MFG, ya zubar da sabon magani a kwata. Wani kuma ko dubawa bai yi ba, ya ɗura wa ragon layyarsa tsohon magani, gudawa ba ta tsaya ba, ya ce mai shago ya cuce shi. Haba Alhaji! Ka iya ƙirga sidi a kasuwar Kejetia ba kuskure, amma haruffa uku su gagare ka? Sau nawa zan faɗa? EXP, ba MFG ba. Yatsa a kai, wata, shekara.

Darasi na 2: Awo

Nauyin dabba ake bi, ba ƙiyasin ido ba. Idan takarda ta ce 1 ml/10 kg, wato layin 1 na sirinji ga kowane kilo 10, rago mai kilo 30 zai sha 3 ml. Ja sirinji ya tsaya daidai layin 3. Murfin kwalba ba ma'auni ba ne. Akuya mai sabon ciki kuma kada a ba ta maganin tsutsa mai suna albendazole sai an tambayi likitan dabbobi. Kafin ka ja sirinjin, ka duba EXP?

Darasi na 3: Kwanakin jira

Bayan magani akwai kwanakin da ba a yanka, ba a shan nonon. Suna jikin takarda. A ƙirga su kafin Sallah.

Darasi na 4: Kare

Allurar rigakafin haukan kare sau ɗaya ce a shekara. A kai shi wurin likitan dabbobi.