Kurakuran da ke kashe firam ɗin alminiyam na tsohon keken BMX

Duk mai zaga kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh a kudancin Jidda ya san wani lokaci akan ci karo da tsohon keken BMX, wato ƙaramin keken tsere da tsalle mai taya inci 20, a cikin tarkace. A irin wannan yawon ɗan yayata ya tsinto firam, ya kawo mini bayan mai waldar ƙofofi na unguwarsu ya riga ya taɓa shi. Ina juya shi na ga wuyan firam ɗin, inda sitiyari ke shiga, ya narke kamar kitse. "Kawu, ai mai waldar cewa ya yi aikin minti biyar ne," in ji shi.

Kuskure na farko ma tun kafin gyara ake yin sa: ba a tabbatar da abin da aka riƙe ba. Yawancin tsofaffin BMX na shekarun 1980 ƙarfe ne da aka yi wa ruwan kurom, suna ƙyalli har mutum ya rantse alminiyam ne. Ɗora mayen ƙarfe. In ya kama, ƙarfe ne, gyaransa daban. In ya faɗo, to ka yi hattara, wataƙila irin PK Ripper ne na kamfanin SE Racing na Amurka, wanda ya fito a 1979 da bututunsa mai ɗan faɗi kamar an danne shi. Irin waɗannan masu tara tsofaffin kaya suna nemansu, saboda haka kada giranda ta kusanci lambar da aka buga a jikin firam.

Babbar ɓarna a wajen walda take. Ƙarfe yana yin ja kafin ya narke, sai mai walda ya janye wuta. Alminiyam ba ya gargaɗi: yana nan fari fat har ya kai wajen digiri 660, sai kawai ya zube. Ga kuma wata fata da iska ke yi masa a sama, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Shi ya sa wutar gas da waldar sanda ba su da aiki a nan. Abin da ake buƙata injin walda ne da ake kira TIG, mai fesa iskar argon don ta kare waldar daga iskar waje, a kan wutar lantarki ta AC, a hannun wanda ya saba da siririn bututu. A sana'iyya, wato unguwar makanikai da masu walda, akwai masu waldar alminiyam, amma ka tambaya ko ya taɓa yin keke, don mai gyaran tankin ruwa hannunsa ya saba da abu mai kauri. Kafin wuta, a goge wurin da asiton, a kankare da buroshin waya na sitenles wanda bai taɓa shafar ƙarfe ba.

Ko waldar ta fito kamar an jera sulalla, aiki bai ƙare ba, nan ne kuma mutane suka fi ruɗuwa. Irin alminiyam ɗin da aka fi yin waɗannan firam da shi, 6061-T6, ƙarfinsa daga gashin da aka yi masa a masana'anta yake. Wutar walda tana warware wannan gashi a gefen ɗinkin, wurin ya yi laushi. Sai ka ga bayan wata biyu ya sake tsagewa, ba a kan waldar ba, dab da ita. Maganin shi ne a sake gasa firam ɗin gaba ɗaya: a kai shi wajen digiri 530, a tsoma a ruwa nan take, a duba miƙewarsa tun yana da taushi, sannan a mayar da shi tanda a wajen digiri 175 na kimanin awa 8. Tandar girki ba ta yin wannan. In ba ka sami inda za a yi ba, kada ka ba yaro ya yi tsalle da shi.

Wasu kuma walda suke yi a kan tsaga ba su nemo ƙarshenta ba. Dabarar tsofaffin makanikai tana aiki har yau: shafa kananzir, bari ya shiga, goge tas, ka barbaɗa garin alli. Inda tsaga take, layi zai fito a jiƙe. Duba wuyan firam, da bakin bututun sirdi, da inda aksil ɗin baya ke zama.

Lanƙwasa kuwa, a daina sa ƙafa ana taka firam don a miƙe shi. Ƙarfe yana haƙuri da wannan, alminiyam da aka gasa karyewa yake ta ciki ko ido bai gani ba. Faɗin wurin da tayar baya ke shiga a firam ɗin BMX milimita 110 ne. Ka nemi taya daidai da shi, kada ka buɗe firam don taya ta shiga.

Sai batun sandar sirdi da ta maƙale, wanda mu mazauna bakin Bahar Maliya muka fi kowa sani. Danshi da gishirin iskar Jidda suna shiga tsakanin sandar ƙarfe da alminiyam, su haifar da farin gari mai kumbura ya riƙe ta gam. Akwai masu ba da shawarar a zuba sodar sabulu. Wannan dabara ta firam ɗin ƙarfe ce mai sandar alminiyam, don soda alminiyam take ci. A naka keken, firam ɗin za ta cinye ta bar maka sandar lafiya lau. Jiƙa wurin da man sassauta noti na kwanaki, kama sandar a bais, ka murɗa firam ɗin a hankali. In ta fito, giris kafin ta koma.

Wajen gyaran fuska ma ana wuce gona da iri. Samfefa mai kaushi da fesa yashi suna cin naman bututun da dama siriri ne, kuma masu son ƙyalli sukan goge tudun walda har ya baje, alhali tudun nan shi ke riƙe da mahaɗar. Fara da samfefar ruwa mai lamba 400 ka hau zuwa 1500, sannan man goge alminiyam da tsumma. In fenti za ka yi, sai da farar shafa ta farko wadda aka yi don alminiyam, in ba haka ba zafin Jidda zai ɓare shi kamar ɓawon gyaɗa.

Na ɗan yayata dai wuyan ya riga ya tafi. Mun wanke shi, mun goge, yanzu yana rataye a bangon ɗakinsa, sitiyari da feda kuma mun mayar da su kan wani firam na ƙarfe da yake hawa zuwa shago.