Makuro ya sandarar da Excel? Kada ka yi saurin sayen RAM

Duk ƙarshen zangon karatu sai ka ga malaman da ke haɗa sakamakon jarrabawa a Gombe suna zarya wurin masu gyaran kwamfuta: Excel ya sandare, ko ya rufe kansa, ko ya fito da "Out of memory". Masu lissafin buhuna a Tudun Hatsi ma ba su tsira ba. Amsar da aka saba ba su ita ce a ƙara RAM ko a yi fomatin, alhali sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau, makuron da ke cikin fayil ɗin ne mai laifi, wato ɗan jerin umarnin da aka rubuta don Excel ya riƙa yin aiki da kansa.

Fara da duba File, Account, About Excel. In naka 32-bit ne, ko ka zuba wa injin gigabait 16, Excel ba zai ci fiye da 2 ba, ko 4 idan sabuntacce ne a kan Windows 64-bit. Ka ga kuɗin RAM sun tafi a banza.

Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne makuro mai tayar da kansa. An rubuta a Worksheet_Change, wato makuron da ke tashi duk lokacin da aka canza wani abu a shafi, cewa da zarar an shigar da maki, a rubuta jimla a gefe. To ai rubuta jimlar ma canji ne. Sai makuron ya sake tashi, ya sake rubutu, ya sake tashi, har sai kuskure mai lamba 28 ya fito, wato "Out of stack space", ko Excel ya ɓace ba sallama. Maganinsa a sa Application.EnableEvents = False kafin rubutun, a mayar da shi True bayansa. Amma a kula: in makuron ya faɗi a tsakiya, zai zauna a False, sauran makurorin da ke tashi da kansu su yi tsit, mutum ya ɗauka fayil ya lalace. Danna Alt+F11 ka buɗe wurin rubuta makuro, sannan Ctrl+G, ka rubuta Application.EnableEvents = True a akwatin da ya fito, ka buga Enter.

Sai masu sa makuro ya bi jeren A tun daga sama har ƙasa. Shafi ɗaya layuka 1,048,576 ne, ɗalibanka kuwa 60. Nemo layin ƙarshe da Cells(Rows.Count, 1).End(xlUp).Row ka tsaya nan. Danna Ctrl+End ma ka ga inda Excel ke zaton aikinka ya ƙare. In ya kai ka can ƙasa inda ba komai, goge layukan gaba ɗaya ka adana. Mai ƙirga layi a cikin makuro kuma a ba shi nau'in lamba na Long, don nau'in Integer iyakarsa 32,767, daga nan sai "Overflow".

Makuron da aka naɗa da rikoda cike yake da Select da Copy. Rage su, ka kashe ScreenUpdating, ka mayar da Calculation zuwa xlCalculationManual har aiki ya ƙare.

On Error Resume Next, layin da ke sa makuro ya tsallake kuskure ya ci gaba, a saman makuro kuwa kamar direba ne ya manne fitilar gargaɗin baƙin mai da salatif. Cire shi, ka bi layukan ɗaya-ɗaya da F8 ka ga inda ake tuntuɓe.

In fayil yana faɗuwa tun wajen buɗewa, riƙe Shift yayin buɗe shi daga cikin Excel, makuron farko ba zai tashi ba. Wanda ya koma 64-bit ya binciki layukan makuro da suka fara da Declare: ƙara PtrSafe kaɗai bai isa ba, duk Long ɗin da ke riƙe adireshin ƙwaƙwalwa sai an mayar da shi LongPtr, in ba haka ba Excel na iya rufewa nan take. Duk gwajin nan a kan kwafi za ka yi shi, domin Ctrl+Z ba ya dawo da abin da makuro ya goge.