Yadda ake kula da injin famfon ruwa na sansanin soja

Kafin ka tada shi da safe zaro sandar auna baƙin mai ka duba, in ya yi ƙasa ka ƙara. Injinan Honda irin GX160 ana canza musu mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100.

Sai ka buɗe murfin saman famfon ka cika shi da ruwa har baki, don Allah kar ka tada shi a bushe ko na minti ɗaya, sil ɗin ciki, wato zoben da ke hana yoyo, ruwa ne ke sanyaya shi, in ya ƙone sai yoyo kuma a daji ina za ka samu wani? Bi tiyon da ke zuƙo ruwa da hannu, ƴar tsaga kaɗan ta isa ya riƙa shan iska ya ƙi jan ruwa. Matatar bakin tiyon kar ta kwanta cikin laka, ɗaure ta sama kaɗan.

Lokacin hunturu filtar iska na saurin toshewa da ƙura, a riƙa wanke soson.

Yana aiki ka kasa kunne, in ka ji ƙara kamar yana tauna tsakuwa kashe shi. In an gama rufe makunnin fetur, zubar da ruwan ciki, ka rubuta awannin a littafi saboda mai karɓar aiki.